Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Babban Hafsan Sojin Saman Najeriya: a koya wa matuƙanmu labarin Leonard Cheshire

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tsohon malamin tarihi ne a Kaduna. Gidana ba shi da nisa da sansaninku, kusan kullum da hantsi ina jin rugugin jiragen da yaranku ke koyon tuƙi da su. Duk wanda ya gifta ta saman rufina sai na roƙa masa Allah ya sauke shi lafiya. Saboda waɗannan yaran na ɗauki alƙalami.

Akwai wani Baturen Ingila, Leonard Cheshire, da aka haifa a 1917. Shari'a ya karanta a Oxford, Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da shi matuƙin jirgin ruwan bama-bamai. A rundunarsu ta jiragen bama-bamai na Birtaniya, mutum fiye da 55,000 cikin kimanin 125,000 ba su dawo gida ba. Shi kuwa sai da ya fita farmaki sau 100, kuma a 1944 aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a ƙasarsu.

Dare ɗaya na watan Fabrairun 1944 nake so ka duba. An tura shi da rundunarsa ta 617 su rusa masana'antar injin jirgin sama ta Gnome et Rhône a garin Limoges na Faransa, wadda Jamusawa suka mallake. Ya san cewa masu aikin dare a ciki Faransawa ne talakawa, ɗaruruwansu, akasari mata, masu neman abin sawa a bakin salati. Sai ya sauko da ƙaton jirginsa na Lancaster ƙasa-ƙasa, ya bi ta kan rufin masana'antar, ya kewayo ya sake bi, har sau uku, don ƙarar ta kore su waje. Kowane zagaye zai iya zama ajalinsa da na mutanen da ke cikin jirgin tare da shi. Da ya ba su lokacin tserewa, sannan ya jefa wutar alama ya kira sauran jiragen. Masana'antar ta rushe, ma'aikatan suka tsira.

Ba zan wanke shi tas ba, Yallaɓai. Ya yi ruwan wuta a biranen Jamus inda mata da yara suka ƙone. Ranar 9 ga Agustan 1945 yana cikin jirgin Amurka a matsayin ɗan sa ido na Birtaniya, yana kallo aka jefa bam ɗin nukiliya a Nagasaki, kuma har ya mutu yana kare wannan yaƙi. A nan ni da shi mun sha bamban.

Abin da ya yi bayan ya tuɓe kaki ne ya sa nake girmama shi. A 1948 wani tsohon soja mai suna Arthur Dykes ya kamu da ciwon daji, asibiti ta ce ba ta da sauran dabara, shi kuma ba shi da wurin zuwa. Cheshire ya ɗauko shi ya kawo gidansa na Le Court a Hampshire. Mutumin da sarki ya maƙala wa lamba a ƙirji ya koyi yi wa majinyaci wanka da sauya masa shimfiɗa, ya zauna a gefensa har ya cika. Kafin a ankara gidan ya cika da marasa lafiya da naƙasassu. Daga nan gidajen Cheshire suka bazu zuwa Indiya da Afirka, har nan Najeriya akwai su a Ibadan da Legas. Lokacin da ya rasu a 1992 sun haura 200 a ƙasashe kusan 50.

Mu nan mun san abin da kuskuren sama ke haifarwa. A Janairun 2017 jirginku ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno, har ma'aikatan agaji suka rasa rayukansu. A Disambar 2023 jirgi marar matuƙi, na sojin ƙasa wannan karon, ya faɗa wa masu Maulidi a Tudun Biri. Na san yaranku ma suna mutuwa a wannan yaƙi, na san 'yan ta'adda na fakewa cikin jama'a. Amma wanda aka yanke wa ƙafa bayan irin wannan hari, ziyarar jaje ta yini ɗaya ba ta yi masa komai. Shekara da shekaru zai yi yana buƙatar keke da magani da mai ɗaga shi.

Roƙona biyu ne. A sa daren Limoges cikin darasin makarantun koyon tuƙi na Kaduna da Kano, kuma a tabbatar wa ƙaramin hafsa cewa in ya yi shakkar waɗanda ke ƙasa ya janye hannu, ba za a hukunta shi ba. Sannan rundunarka ta gina gida na dindindin da kuɗinta, ko a Maiduguri ko a nan Kaduna, don fararen hular da hare-haren sama suka naƙasa da sojojinku da suka dawo da rauni, a riƙa tura ɗaliban tuƙi su yi mako guda suna hidima a ciki kafin a maƙala masu fukafukai.

Allah ya taya ka riƙo, ya tsare mana yaran.

Naka,
Wani tsohon malami daga Kaduna