A Adana Muryar Mai Raka Mu Dare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani mai gabatar da shirin dare a ɗaya daga cikin gidajen rediyon Kano, wanda muka daina jin muryarsa tun bayan ƙaramar salla saboda rashin lafiya. Ba zan ambaci sunansa ba, domin shi kansa ba mai son yabo ba ne.

Ni tela ne a Fagge, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san cewa a watan azumi dare ne ranarmu. Rediyona na rataye a jikin ƙusa kusa da keken ɗinki, idan an ɗauke wuta sai mu koma kan batir, shi kuwa yana nan daga sha ɗayan dare har ƙarfe ɗaya, yana sauraron masu gadi da masu shayi da direbobin da suka kwana a Dawanau suna jiran lodi.

Kamar yadda ya sha faɗa da bakinsa, da karanta katunan gaisuwa ya fara aiki, a zamanin da gwamnati ce kaɗai ke da gidan rediyo. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu, wayar salula ta shigo a 2001, Freedom Radio ta fara aiki a 2003, daga nan tashoshi suka yawaita, mai sauraro ya samu bakin magana. Da yawa sun mai da wannan dama filin cacar baki, amma shi haƙuri ya riƙe. Na tuna daren da wani dattijo ya kira a kan rigimar gado, murya na rawa, rediyonsa na ƙara. Sai ya ce masa, "Baba, a ɗan rage rediyon, ba sauri muke ba." Ya bar shi ya gama tas, sannan ya shawarce shi ya fara da mai unguwa kafin kotu.

Abin da ke damuna shi ne ban ji ko sanarwa ɗaya game da jinyarsa ba, kiɗa kawai aka cike gurbinsa da shi. Ina kira ga mahukuntan tashar da su duba lamarinsa, ga kuma malaman koyar da aikin jarida na Jami'ar Bayero da su tura ɗalibai su ɗauki tarihinsa daga bakinsa, su nemi abin da ya rage na shirye-shiryensa tun kafin a goge su. Allah Ya ba shi lafiya.

Naka,
Wani tela daga Fagge, Kano.