Rahoton Kwamiti Kan Kammala Gyaran Tsarin Sa Lokaci a Bayanan Na'urorin Awo

Kwamiti na sanar da membobi cewa an kammala gyaran yadda ake sa lokaci a bayanan da na'urorin awon zafi da danshi ke aikowa, kuma tsarin ya fara aiki. Na'urorin na amfani da batir, suna magana ta rediyo da matattara, wato na'urar tsakiya da ke tattara bayanansu, ba su da GPS, ba sa kuma kan intanet. Matattara ce kaɗai ke da agogon da za a dogara da shi.

Matsalar da aka tarar

A da, kowace na'ura na rubuta lokacin agogonta a kan abin da ta auna. Agogon na tafiya ne da kiristal mai bugun 32,768 a daƙiƙa, wanda kuskurensa kan kai kashi 20 cikin miliyan. Wato daƙiƙa 1.7 a rana, kusan daƙiƙa 52 a wata. An yi irin wannan kiristal ne don ya fi daidaito a digiri 25. A digiri 5 ko 45 yakan ƙara jinkirin kusan kashi 14 cikin miliyan. Don haka na'urori biyu da aka saita tare, in ɗaya na rana ɗaya na inuwa, sannu a hankali sai su rabu. Mafi muni shi ne canjin batir: agogo ya koma farko, bayanai su iso da kwanan watan 1 ga Janairun 1970.

Abin da aka gina

Kwamiti bai nemi daidaita agogunan duka ba, domin yawan musayar saƙo na cinye batir. An raba na'urorin da aikin sanin ƙarfe nawa ne gaba ɗaya. Yanzu kowacce na da maƙirgin milisakan wanda ba ya komawa baya muddin tana kunne, ba kuma mai taɓa shi. Kowane awo na fita da abubuwa huɗu: ƙirgen lokacin da aka auna, ƙirgen lokacin da aka aika, lambar jeri, da lambar tashi, wadda ke ƙaruwa da ɗaya duk sanda na'ura ta mutu ta dawo.

Matattara na cire ƙirgen farko daga na biyu, ta san daɗewar awon. Misali, an auna a 500,000, an aika a 860,000. Bambanci 360,000, wato minti 6. In saƙo ya iso ƙarfe 14:06, an yi awon ne ƙarfe 14:00. Amfanin wannan hanya shi ne gocewar kiristal na shafar daɗewar ne kawai: a minti 6 kuskuren bai wuce milisakan 13 ba, ko da a digiri 5 ko 45. Ga awon da ya kwana a ma'ajiyar na'ura saboda yankewar layi, matattara na tara ƙirgen na'urar da nata lokacin daga saƙonnin baya, ta lissafa saurin kiristal ɗin, ta gyara da shi.

Inda aka fi yin aiki

Ƙirgen aikawa dole a sabunta shi duk lokacin da aka sake tura saƙo, dab da fitarsa ta rediyo. In an bar na farko, duk jiran da aka yi sai ya ɓace daga lissafi, awon ya zo kamar sabo. Haka kuma na'urar da ke miƙa saƙon wata tana ƙara tsawon lokacin da ta riƙe shi. Maƙirgi mai bit 32 (bit shi ne ma'aunin girman lambar da zai iya riƙewa) yana cika bayan kwana 49.7 ya koma sifili, shi ya sa aka mai da shi bit 64.

Awon da aka yi kafin mutuwar na'ura ana lissafa shi da bayanan lambar tashinsa, ba da na sabuwar ba. In kuwa na'ura ta tashi ta mutu ba ta taɓa samun matattara ba, to ba a ƙirƙira wa awonta lokaci. Ana yi masa alamar rashin tabbas, a jera shi da lambar jeri. Kwamiti ya tsaya kai da fata a kan wannan, domin lokacin ƙarya da ya yi kama da gaskiya ya fi gurbi illa ga mai nazarin bayanai.

Matattara na karɓar lokaci ta NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, an kuma saita ta ta riƙa gyara agogonta a hankali, kada ya yi tsalle baya. Ana adana komai a UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya. Kusa da kowane lokaci da aka lissafa akwai ɗanyen ƙirge da iyakar kuskure, ta yadda za a iya sake lissafi. Idan tazarar awo biyu daga na'urori daban ba ta kai jimillar kuskurensu ba, tsarin ba ya cewa wane ya riga wane.

Ga masu kula

Kada a goge ma'ajiyar na'ura yayin canjin batir, domin a nan lambar tashi take. Bayan canji a jira matattara ta karɓi saƙon farko kafin a rufe akwatin. Na'urar da gocewarta ta haura kashi 50 cikin miliyan a ciro ta a duba kiristal ɗinta da haɗinsa, musamman ko danshi ya shiga.