Wasiƙa kan maganar tantance ɗanmu a Amurka

Assalamu alaikum aminina,

Ina fatan kana lafiya, da maiɗaki da yara. Na ji daɗi ƙwarai da kamfanin ya ɗauki ɗanmu aiki, Allah ya sa albarka. Amma shawarar da ka ce za ka ba shi, wai ya yi shiru game da kamun da aka taɓa yi masa tunda kotu ta goge shari'ar, don Allah ka janye ta.

Aikin nasa yana taɓa sirrin gwamnatin Amurka, don haka sai ya cike fom ɗin SF-86, na neman izinin ganin bayanan sirri. Fom ɗin ya faɗa ƙarara cewa ko an goge shari'a, ko an rufe fayil ɗinta, dole a bayyana. Yawancin tambayoyin da suka shafi 'yan sanda shekara 7 baya suke komawa, amma in maganar giya ce, ko ƙwaya, ko bindiga, ko babban laifi, tambayar ita ce "ka taɓa?", ba ta da iyaka. Tuƙi cikin maye yana ciki. Kuma za a ɗauki zanen yatsunsa a aika wa hukumar binciken laifuka ta FBI. Ƙarya a wannan fom laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 5. Ko ba a kai nan ba, ga mai bincike kamun tsohon abu ne, ƙaryar kuwa ta yau ce.

Na san kunya ce ke damunka, kuma na fahimta. To amma ka kwantar da hankalinka, ƙa'idar da masu tantancewa suke bi tun 2017, wadda ake kira SEAD 4, ba ta rufe ƙofa ga wanda ya taɓa tuntuɓe ba. Mutumin ake dubawa gaba ɗayansa: shekarunsa nawa lokacin, sau nawa abin ya faru, tun yaushe, da abin da ya yi da rayuwarsa bayan nan. Ta ma lissafa alamomin gyaruwa, irin su daɗewa ba a sake ba, cika sharuɗɗan kotu, biyan diyya, ƙaro ilimi da riƙe aiki da kyau. Yaron nan ya biya tara, ya gama zaman sa-idon kotu, ya koma makaranta har ya karɓi digiri. Wanda har yanzu yake ƙarƙashin sa-idon kotu shi ne ke cikin matsala, haka ma wanda ya yi zaman kurkuku na shekara guda ko fiye, wanda dokar Bond ta 2008 ta hana shi manyan matakan sirri sai da sassauci na musamman. Ɗanmu bai shiga ko ɗaya ba.

Ba zan ce maka tabbas zai samu ba. Tun 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar Egan, cewa wannan izini ba haƙƙin kowa ba ne, kuma in akwai shakka, tsaron ƙasa ake fifitawa. In sun yi niyyar hana shi, za su rubuto masa dalilansu, ya ba da amsa, har ya nemi a saurare shi gaban alƙali.

Ka ce masa tun yanzu ya je kotun ya karɓo takardun shari'ar, da rasit ɗin tara, da shaidar kammala sa-ido. Ranar ganawa da mai bincike ya faɗi abin yadda ya faru, kada ya ɗora wa abokai laifi. In da hali, ya nuna wa lauyan da ya san wannan fanni fom ɗin kafin ya miƙa.

Ka gaishe min da shi, ka ce ya kira ni in ya samu sarari.

Naka,
amininka