Shaihu Umar huɗu ne, ku daina sayar da su a shafi ɗaya

Zuwa ga Manajan Shagon Littattafai na Intanet,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ƙorafinmu a kan yadda shagonku ke jera tsofaffin littattafan Hausa ne. Duk abin da ya zo da suna iri ɗaya kun zuba shi a shafi guda, da hoton bango guda da farashi guda. Sai mutum ya biya kuɗin wani abu, a kawo masa wani.

Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne Shaihu Umar, domin abubuwa huɗu ne ke amsa wannan suna. Akwai labarin Hausa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar rubuta labarai da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933. Akwai fassarar Turanci ta Mervyn Hiskett, 1967. Akwai wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar daga labarin, 1975. Sannan ga fim ɗin Adamu Halilu na 1976, wanda aka gyara aka sake nunawa a Berlin a 2018. A shafinku bangon na Hausa ne, bayanin da ke ƙasa na fassarar Hiskett ne, sharhin masu saye kuwa ya gauraya fim da littafi. Malamin da ke son kwafi arba'in na Hausa don ajinsa ba shi da hanyar sanin wanne za a ɗaure masa. Abin bai tsaya nan ba: da yake akwatin bincikenku ya ɗauki Shaihu da Shehu abu ɗaya, littattafan tarihin Shehu Umar na Borno, wanda ya rasu a 1881, ɗan Shehu Laminu, su ma suna faɗowa cikin jerin.

Magana Jari Ce ta Abubakar Imam littafi uku ce. Kun sa farashi ba ku ce na ɗaya ba ne, ko na biyu, ko duka ukun, kuma kun liƙa mata bayanin wasan talabijin da aka yi daga cikinta a Kaduna a shekarun 1980. Ruwan Bagaja kuma akwai littafin Imam, akwai tsohuwar tatsuniya mai wannan suna da ke cikin littattafan tatsuniyoyi. Ba abu ɗaya ba ne.

Wani kuskuren har da ban dariya. A gurbin maɗaba'a an rubuta NNPC, na'urarku kuma ta haɗa shi da kamfanin man fetur. NNPC ɗin littattafai shi ne Northern Nigerian Publishing Company na Zariya, wanda aka kafa a 1966. A rubuta sunan a cike.

Tushen matsalar biyu ne. Na farko, manhajarku da sunan littafi kaɗai take haɗa bayanai, ba ta duban marubuci ko shekara. Na biyu, lambar ISBN, wato lambar shaidar da ake ba kowane bugun littafi. Lambar ƙasa ta Nijeriya 978 ce, haka kuma galibin ISBN mai lamba 13, wanda aka koma amfani da shi a 2007, da 978 yake farawa. Saboda haka littafin Nijeriya a sabon tsari yakan fara da 978-978. Mai shigar da bayanai in ya ga 978 sau biyu sai ya zaci kuskure ne ya goge ɗaya, ko ya ga tsohuwar lamba mai 10 ya ɗauka sabuwa ce da ta guntule. Lambar ta lalace, na'ura ta koma haɗawa da suna. Bugun da ya riga 1970 kuwa galibi ba shi da ISBN, don haka kada a ara masa ta wani bugun.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Kowane bugu a ba shi shafinsa, a cika gurabe bakwai: suna, marubuci, mai fassara in akwai, harshe, maɗaba'a, shekarar wannan bugun, da nau'i, wato zube ne, wasan kwaikwayo ne ko faifan fim. In littafi kashi-kashi ne, lambar kashin ta fito a cikin sunan. Hoton bango a ɗauke shi daga kwafin da ke cikin sitonku, tare da shafin ciki mai ɗauke da sunan maɗaba'a da shekara. A kuma daidaita bincike yadda Ɓalewa da Balewa za su kawo mutum ɗaya, domin ba kowace waya ke da ɓ da ɗ da ƙ ba.

Muna kuma roƙon ku cire sharaɗin nan na cewa ba a mayar da littafin da aka buɗe ledarsa, muddin kuskuren daga shafinku ya taso. Mai saye ba ya gane an kawo masa fassara sai ya buɗe. Kuɗin mayarwa da na sake aikowa ku ya kamata ku ɗauka, kuma a dakatar da sayarwa daga shafin Shaihu Umar har sai an raba shi huɗu.

Wassalam.

Wasu malaman Hausa da ma'aikatan ɗakin karatu,
Zariya.