Zuwa ga abokan hulɗarmu, kan jinkirin gwajin ƙarshe na yaranku

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, masu gidajen kula da tsofaffi da gidajen renon yara da kuke turo mana ma'aikatanku koyon aiki. Ya hidima, ya sanyi?

Na ga gara in rubuto muku gaba ɗaya, don sati biyu kenan wayata ba ta huta ba, kuma maganar da ke yawo a WhatsApp wai mun gaza, wai yaranmu sun gama kos ba satifiket, ta iso kunnena. Wallahi ban ji daɗi ba, balle da na ji daga bakin wa ta fito.

Da yawanku kun sani amma bari in maimaita, a tsarin koyon sana'a na nan Ingila ba mu ke yi wa yaro gwajin ƙarshe ba, wanda ake kira EPA. Mu namu koyarwa ne, idan mu da ku muka yarda yaro ya shirya sai wani kamfani daban ya turo mai gwadawa, ya tsaya ya ga yadda yarinya ke ɗaga dattijuwa daga gado ko yadda take lallashin yaro mai kuka, sannan su zauna ya yi mata tambayoyi. Ranar zuwansa ba a hannunmu take ba, ko kusa.

To a Fabrairun 2025 gwamnati ta ce za a sake fasalin gwajin nan, a rage masa tsawo, wani ɓangare a riƙa yinsa tun yaro na cikin kos ba sai ƙarshe ba, a wasu sana'o'in ma mu masu koyarwa za mu duba wani sashe da kanmu. A watan Yuni kuma sabuwar hukumar gwamnati mai suna Skills England ta karɓi aikin hukumar da ke tsara ƙa'idojin a da, ana ta sake rubuta su sana'a bayan sana'a. Ni ban ce gyaran ba shi da kyau ba fa, mun daɗe muna kukan takardu sun yi yawa. Amma kamfanin da muke aiki da shi tunda ya ji aikinsa zai ragu sai masu gwadawarsa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage ba su isa ba, ga shi ya ƙara mana kuɗi alhali abin da gwamnati ke biya kan kowane yaro bai motsa ba, kuma ko fam ɗaya ba mu ɗora muku ba. Akwai yarinyar da ta goge yunifom, ta jera fayil ɗinta tun daren Alhamis, ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a imel ya shigo wai an ɗage gwajin Litinin. Karo na biyu kenan. Ni na kira ta na faɗa mata, ta yi shiru kawai ta ce "to malam". Ku gaya min ina laifinmu a nan?

Sai maganar wata takwas, da na ji wasu manyan kwalejoji na jan ku da ita. Eh, daga Agustan 2025 mafi ƙarancin lokacin koyon sana'a ya sauko daga wata 12 zuwa 8, amma mafi ƙaranci aka ce, ba kowa da kowa ba. Wadda ba ta taɓa ba majinyaci magani ba ni dai ba zan sa hannu in ce ta shirya a wata takwas ba, ko da za ta kai in rasa kwastoma. Haka jarabawar Turanci da lissafi, wanda ya fara yana da shekara 19 ko sama yanzu ba dole ba ce, shawarar ku ce, amma 'yan ƙasa da haka tana nan a kansu. Kuma ku shirya, a sabon tsarin, halayyar yaro a wurin aiki ku ne za ku tabbatar da ita, ba baƙon da ya gan shi awa biyu ba.

A ɓangarenmu muna kan tattaunawa, muna duba wasu hanyoyi, in sha Allahu za ku ji daga gare mu nan ba da jimawa ba.

Hajiyarmu da ta ba mu yara uku lokacin muna ɗaki ɗaya da firinta mai cin takarda, shekara bakwai kenan, biyu cikinsu yanzu su ke riƙe mata gida, Allah ya saka da alheri. Alhaji da ya taɓa ara mana falonsa muka yi aji ranar da hitar ofis ta mutu, ba mu manta ba. Ku kun san aikinmu ba sai an faɗa muku ba.

Wanda ya ga dole ya mayar da yaransa wani wuri ba za mu riƙe masa fayil ba, haƙƙinsa ne. Dan Allah dai kafin ku cike fom ku kira ni mu yi magana, kar in ji a bakin yaran.

Naku,
Shugaban cibiya, a madadin malamai