Masu haɗa manhaja, ku riƙa gwaji a kan wayar talaka

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu masu haɗa manhajar waya, don abin ya fara isata.

Gyaran waya nake yi a Dilimi, nan Jos, amma rabin yinina a cike wa mutane fom yake tafiya. Makon jiya wata dattijuwa ta zo da 'yar itel ɗinta za ta yi rajista a wata manhaja, ba sai na kama suna ba. Shafin farko suna da ranar haihuwa. Na biyu NIN, lamba 11 da ta karanto mini daga wata takarda da ta ƙulle a bakin zani. Na uku hoto. Sai aka ce an turo lambar tabbatarwa ta tes. Na fita daga manhajar na duba tes ɗin, ina dawowa na tarar da fom fayau, kamar ba a taɓa shi ba. Har sau uku. A na ukun ta ce, "Ɗan nan, ko dai wayar ce ta ƙi ni?" Na ce, "Mama, wayarki lafiyarta lau."

Na ɗan taɓa koyon haɗa manhajar Android, don haka na san inda gizo ke saƙar. Abin da mutum ya rubuta a shafi ɗaya ba ya bin sa zuwa na gaba sai an miƙa shi. Wasu sai su bar komai a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da waya ke riƙe aikin da take kan yi. To wayar da RAM ɗinta giga 2 ne, kana leƙa wata manhaja Android zai iya kashe ta baya don ya sami wuri. Google ya tanadi yadda za a adana abin da aka cike kafin hakan, ganda ce kawai ke hana amfani da shi.

Wasu kuma nasu zarmewa ce. Sai su cusa hoto sukutum cikin ɗan saƙon da ke tsakanin shafuka, wanda ake kira Intent, alhali hanyar da yake bi megabayit 1 ce kacal, ita ma tarayya ake yi a kanta. Tun Android 7 na 2016, wuce wannan iyaka na iya kifar da manhaja nan take. A ajiye hoton a cikin waya mana, a miƙa wa shafi na gaba inda yake. Wanda ya ba da ajiyar buhu a tasha ai 'yar takardar shaida yake riƙewa.

A saitin masu haɗa manhaja da ke cikin wayar Android akwai maɓallin da ke rufe shafi da zarar an bar shi. Ku kunna shi, ku cike fom ɗinku da kanku, ku gani. In kuma ba ku da ƙaramar waya, ku zo Dilimi in ara muku.

Ita Mama, sai da na zare layinta na sa a wayata lambar ta shigo can, sannan muka gama. Ta ba ni goro biyu.

Wassalam.
Daga wani mai gyaran waya, Dilimi, Jos.