Mai jiran sai ya samu sarari a Legas ba zai taɓa rubutu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda matasanmu masu sha'awar rubutu da Hausa, musamman mazauna Legas, suke farawa da zafinsu, amma kafin wata ya zagayo sun watsar da alƙalami. Ni akawu ne a sashen 'yan tumatir da tattasai na kasuwar Mile 12, ina zaune a Agege, kuma shekara bakwai ke nan ina rubutu kusan kullum, saboda haka abin da zan faɗa a aikace na koye shi.

Uzurin da kowa yake kawowa shi ne rashin lokaci, kuma ba zan ƙaryata kowa ba. Mutumin da ya fito daga Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago da sallamar asuba, ya kutsa cikin danfo, wato ƙaramar motar bas ta haya, ya sha gosulo a Ojota da Ketu, ya wuni a tsaye, sannan ya koma gida bayan isha'i ya tarar an ɗauke wuta, ba shi da wani ƙarfin da ya rage masa. Inda nake saɓani da 'yan'uwana shi ne hukuncin da suke yankewa daga nan, cewa za su fara idan abubuwa sun lafa. Garin nan ba ya lafawa, kuma na san dattawan da suka zo tun kafin a buɗe gadar Third Mainland a 1990 waɗanda har yau suke cewa za su rubuta tarihin zuwansu idan sun huta.

Abin mamaki shi ne, maganin wannan cuta yana cikin tarbiyyarmu tun muna yara, sai dai mun manta da shi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a taɓa tambayarsa ko yana jin sha'awar karatu a ranar ba. Lokacin sananne ne, wurin zaman sananne ne, abin da za a rubuta kuma ƙayyadadde ne gwargwadon ƙarfin yaro: ya wanke allonsa, ya shanya, ya rubuta ayoyi kaɗan, malam ya duba ya gyara, gobe a yi ƙari. Babu malamin kirki da zai bar ƙaramin yaro ya cika allo gaba da baya a rana ɗaya don kawai ya ji ƙarfi, domin ya san washegari zai gaji ya gudu. Har hutun ma yana da ranakunsa, Alhamis da Juma'a, ba wai duk ranar da kasala ta kama mutum ba. Da wannan tafiyar ce ake sauke izu sittin, kuma da ita ce alarammomi suke rubuta Alƙur'ani cikakke da ka, shafi bayan shafi. Ban kwatanta darajar rubutunmu da wancan ba, Allah ya kiyaye; tsarin aikin nake nuni da shi.

Da na gane haka sai na yanka wa kaina abin da ba zai gagare ni ba ko a ranar da ta fi kowace wahala. A kasuwarmu motocin Arewa da sassafe ake sauke su, hayaniyar dillalai da 'yan dako kuma takan ɗan sassauta bayan azahar, don haka na ɗaure rubutuna da sallar azahar: ina idarwa sai in zauna minti ashirin in cika shafi ɗaya, kimanin kalma 200, ko da abin da ya fito bai yi mini daɗi ba. Kwana biyar nake yi a mako. Wanda ya raina wannan ya yi lissafi da kansa, domin kalma 200 sau biyar a mako hamsin ta kai 50,000, wato littafi guda a shekara. Ba na gyara komai a lokacin da nake rubutawa, saboda na lura mai gyara da mai rubutu ba sa zama inuwa ɗaya. Ranar Lahadi nake bugawa a waya, in tace, in sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, abin da da yawa daga cikinmu suke yi wa riƙon sakainar kashi har ma'ana ta ɓace.

Na taɓa tuntuɓe mai zafi. A shekarata ta biyu a waya kaɗai nake rubutu, sai wata rana aka zare ta daga aljihuna a cikin turmutsutsun Oshodi, aikin wata uku ya tafi da ita. Baƙin ciki ya sa na yi wata biyu ban taɓa biro ba, da na dawo kuma sai na ce zan rama duk kwanakin da suka wuce, na ɗora wa kaina shafi biyar a rana, cikin mako guda na sake faɗuwa. Daga nan na koma takarda, ina kuma tura wa kaina kwafin duk abin da na buga ta imel. Na kuma fahimci cewa rubutu ba azumi ba ne, babu ramuwa a cikinsa. Wanda ya tsallake kwana uku, shafi ɗaya tak ake binsa a rana ta huɗu.

Wani tarko kuma shi ne ƙidayar masu yabo. Yaro zai sa rubutunsa a Facebook, ya wuni yana leƙawa ya ga mutum nawa suka danna masa, idan bai ga jama'a ba sai gwiwarsa ta yi sanyi. Ni kwanakin da na zauna na rubuta nake ƙirgawa a kalandar shago, domin su ne a hannuna.

Masu cewa ba su da abin rubutawa su ne suka fi ba ni mamaki. A watan Maris na 2016 gwamnatin jihar Legas ta rufe kasuwar Mile 12 bayan rikicin da aka yi a yankin. A ƙarshen Fabrairun 2021 fataken abinci da dabbobi suka dakatar da kawo kaya Kudu na wasu kwanaki. A watan Yunin 2022 aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin jihar, dubban yaranmu suka rasa sana'a, a farkon 2023 kuma ƙarancin takardun naira ya sa muka ga mai kwandon tumatir yana kallon kayansa suna ruɓewa alhali mai saye yana tsaye da kuɗinsa a banki. Duk waɗannan a kan idonmu suka faru, amma akasarin abin da aka rubuta a kansu da Turanci ne, kuma daga bakin waɗanda ba su kwana a cikin kasuwar ba. Ina da ƙaramin littafi a aljihu da nake kama irin waɗannan abubuwa a ciki, wata kalma da kwandasta ya faɗa, ko yadda yaron da aka haifa a Agege yake cakuɗa Hausa da Yarbanci, saboda idan azahar ta yi kada in zauna ina zare ido a kan farar takarda.

A nan ne nake da roƙo gare ka, ranka ya daɗe. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, marigayi Abubakar Imam yana editanta na farko, jarida take horar da marubutan Hausa, kuma babban abin da take horarwa da shi shi ne ranar fitowa, wadda ba ta sauraron uzuri. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma marubucin da ya san ana jiran takardarsa ranar Laraba zai nemo minti ashirin ɗin ko a ina suka ɓuya. Ina roƙon ku ware ɗan fili a kowane mako ga Hausawa mazauna Kudu, ku ƙayyade tsawonsa da ranar rufe karɓa, ku kuma riƙa gyara mana kurakuranmu yadda malam yake duba allo. Akwai matasa huɗu a unguwarmu da muke haɗuwa kowace Lahadi bayan la'asar, kowa ya karanta shafinsa mafi kyau na makon, kuma idan kuka buɗe filin a shirye muke mu riƙa aiko muku bi da bi.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarku,
daga Agege, Legas.